Ladidi Mai Ɗori da Kartar Balarabe

Tun Turawa ba su shigo ƙasar nan ba, an yi wata mata a Ƙarfi ana ce mata Ladidi mai ɗori. Gajeriya ce, kakkaura, mai damatsa irin na wadda ta tashi cikin daka da noma, kuma ba ta cika magana ba. Ubanta, Malam Sada, shi ne maɗorin garin, kamar yadda ubansa ya kasance kafin shi. Ladidi ta yi aure a Danja, ta zauna shekaru masu yawa, sannan mijin ya rasu ba su da ɗa a raye. Da ta fita takaba sai ta dawo gidan ubanta, aka yanka mata 'yar gayauna a bayan gari tana shuka auduga da wake.

Ta dawo ta tarar tsufa ya kama Malam Sada ta hannu. Idonsa garau, hankalinsa garau, amma yatsunsa rawa suke yi, ko ƙoƙon fura ba ya iya kaiwa baki bai zubar ba. 'Ya'yansa maza kuwa fatauci ya ɗauke musu hankali. Saboda haka idan aka kawo mai karaya, sai tsohon ya zauna a gefe ya yi tofi a man kaɗe, ya ce, "Ladidi, taɓa nan. Me kika ji?" Ta faɗa masa. Ya ce ja, ta ja. Ya ce saki, ta saki. Ita ke fere karan dawa, ita ke jera shi, ita ke ɗaurewa. A haka ɗori ya shiga hannunta.

Abu ɗaya ne ba ta so a aikin. Mutum in ya ga an nufo inda ke masa ciwo, sai ya ɗaure jikinsa, naman wurin ya yi tauri kamar icce, ƙashi ya ƙi komawa. Maganin da aka sani shi ne a kira ƙarti su danne shi, a ja da ƙarfin tsiya, yana ihu har a ji a kasuwa. Duk ranar da aka yi haka, Ladidi ba ta iya cin tuwo.

Wata damina, wani Balaraben Gadamus da ya daɗe da zama a birnin Katsina, Alhaji Abdussamad, ya taso da ayarinsa zai tafi Zariya. Wajen haye rafi alfadarinsa ya zame, ya faɗo masa a kan ƙafa, ƙwaurin ya karye. Aka ɗauko shi a kan asabari zuwa zauren Malam Sada. Da ya ga mace ce ta durƙusa za ta kama ƙafar, sai ya dubi tsohon.

Malam Sada ya ɗaga hannuwansa biyu suna karkarwa, ya ce, "Alhaji, zaɓi. Waɗannan ko nata?"

Alhaji ya rufe ido ya ce, "Bismillah."

Ayari ya wuce, aka bar shi da bara ɗaya a zauren har ruwa ya ɗauke. Kowace hantsi Ladidi takan zo duba ɗaurin. Ran nan ta same shi ya baje wasu 'yan takardu masu kauri a kan buzu, kowacce ba ta kai tafin hannu ba. Bayansu iri ɗaya ne, amma cikinsu kowacce da zanenta: wasu takubba, wasu kulake, wasu ƙoƙuna masu gindi, wasu zagaye rawaya kamar rana, ga kuma mutum a kan doki, ga sarki zaune. Ba ta taɓa ganin takarda mai launi haka ba.

Ta ce, "Alhaji, laya ce?"

Ya yi dariya. "Ba laya ba ce, 'yar Malam. Karta ake ce mata. Daga Tarabulus na zo da ita. Can wasu caca suke yi da ita, Allah Ya kiyashe mu. Ni kaɗaici nake kashewa. Zo ki zari falle ɗaya."

Ya tattara su ya kife, ya buɗe su kamar maficin hannu. Ta goge man kaɗe a zanenta, ta zaro ɗaya. Ya kawar da kai ya ce ta duba ta riƙe a ranta. Ƙoƙuna biyu ne. Ya sa ta ɗora fallen a saman sauran, ta raba tulin gida biyu da hannunta, ta ɗora na ƙasa a bisa. Fallenta ya nutse a tsakiya, ita kanta ba ta san inda yake ba. Alhaji ya fara buɗe su ɗai-ɗai yana ajiyewa a kan buzu, yana yi mata zancen rairayin hamada. Can sai ya tsaya, ya ɗora yatsa a kan wanda bai buɗe ba tukuna.

"Wannan ne naki."

Ya juya shi. Ƙoƙuna biyu.

Ta ja da baya, gwiwarta ta ture kaskon mai, ta ce, "A'uzu billahi! Alhaji, zuciyata ka leƙa?"

"Allah kaɗai ke ganin zuciya," in ji shi. "Wannan wasan yara ne a garinmu."

Ba ta yarda ba. Ta gama aikinta ta fita da sauri, ta yini tana tsintar ciyawa a gayauna ƙoƙunan nan biyu na yi mata yawo a ido.

Abin da ya sa ta nemi ya koya mata daban ne. Akwai ranar da za a kwance ɗaurin a sake jera kara, aikin da Alhaji ya tsana, don kullum sai ya yi nishi ya ƙanƙame ƙafa. A ranar kuwa ya kama Malam Sada da kartarsa, tsohon ya zari falle, Alhaji ya duƙufa wajen buɗewa yana satar kallon fuskar tsohon. Ladidi ta kama ƙwaurin sai ta ji shi laɓas a hannunta kamar ƙullun da aka cuɗa. Ta kwance, ta gyara, ta ɗaure, bai ko dubi wajenta ba. Ta zauna a kan dugaduganta tana kallon mazan nan biyu, ɗaya na ta salati, ɗaya na ta dariya.

Ta ce, "Alhaji, na gama."

Ya dubi ƙafarsa. "Yaushe?"

"In da gaske wasan yara ne, ka koya mini."

Ya koya mata nan take, kuma sauƙin abin ya fi abin kansa ba ta mamaki. Ya ce, "Ba fallen mutum za ki nema ba, ba ki da hanyar saninsa. Kafin ki miƙa masa, lokacin da kike daidaita tulin a hannunki, ki saci kallon na can ƙasa, ki riƙe shi. In ya ɗora nasa a sama, ya raba biyu ya ɗora na ƙasa a bisa, to wanda kika riƙe ya hau kan nasa ke nan. Kina buɗewa, da kin ga naki ya fito, mai bi masa shi ne nasa."

Ta dubi tulin. Sannan ta ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta karɓa ta gwada a kan ubanta, abin ya fita daidai. Ta dubi hannuwanta kamar ba nata ba.

Sai dai iya sani daban, iya yi daban. Ladidi ba ta saba satar kallo ba, in ta dubi abu sai ta ƙura masa ido kowa ya gani. Alhaji ya ce ta riƙa magana lokacin da take dubawa, don idon mutum bakin mai magana yake bi. Ita kuwa ba mai zance ba, sai ta koyi tambayar mutum gida da yara da gona. Ta riƙa gwadawa a kan matan gida suna gurzar auduga. Akwai ranar da ta tambayi wata lafiyar goyonta, matar ta ɓalle da labarin haƙori da zawo, har Ladidi ta manta fallen da ta riƙe, ta buɗe tulin kaf ba ta ce komai ba. Matan suka yi ta yi mata dariya har la'asar.

Da Alhaji ya fara takawa da sanda, mutanensa suka dawo daga Zariya suka tafi da shi. Zai hau alfadari ya miƙo mata kartar a naɗe cikin ƙyalle, ya ce, "Ke kin samo mata aikin da ya fi nawa." Ba ta sake ganinsa ba.

Kaka ta yi, aka sako shanu cikin karan gonaki. Wata safiya aka shigo da wani makiyayi, Manu, bijimi ya yi jifa da shi, kafaɗarsa ta dama ta goce, hannun ya saki yana reto. Manu dogo ne, siriri, jijiya zalla. Bai yi ko tari ba, don a wurinsu abin kunya ne namiji ya nuna ciwo. Amma yadda ya danne kukan, haka ya danne jikinsa. Ladidi ta taɓa kafaɗar ta ji kamar tushen gawo. Malam Sada ya ce a kira ƙarti.

Ta ce, "Baba, a ba ni dama tukuna."

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙyallen. Ta zauna kusa da Manu, tana daidaita tulin tana tambayarsa bijimin nasa ne ko na kiwo, kuma wane launi ne. Ya amsa ta cikin haƙora. Ta sa ya zari falle da hagunsa, ya duba, ya ɗora, ya raba, ya haɗa. Daga nan sai ta yi abin da Alhaji bai taɓa yi ba. Ta ajiye tulin a tabarma a gabansa, ta ce, "Ni ba zan ƙara taɓa su ba. Kai za ka buɗe da kanka, ɗai-ɗai. Ni zan gaya maka inda naka yake."

Ya dube ta, ya dubi takardun. "Inna, ai ba ki ga nawa ba."

"Buɗe dai."

Ta koma damansa, ta tallafi gwiwar hannun da tafinta kamar mai taya shi riƙewa. Ya fara buɗewa. Takubba suka fito, sarki ya fito, kulake suka fito. Da farko yana yi ne don kada ya saɓa wa babba, amma a hankali wuyansa ya miƙa gaba, yana jiran ya ga ko nasa zai wuce ba ta sani ba. Ladidi na jin kafaɗar na sauka a hannunta kaɗan-kaɗan. Idonta ɗaya na kan tabarma. Sai ga fallen da ta riƙe ya faɗo.

Ta ce, "Tsaya. Na gaba naka ne."

Manu ya riƙe numfashi. Ya kai yatsu ya ɗaga gefen fallen, mai doki ya bayyana, bakinsa ya buɗe. Nan take ta ja, ta murɗa. Aka ji ƙwas.

Manu bai ko waiwayo ba, fallen yake kallo yana juya shi ciki da baya.

"Inna, yaya aka yi kika sani?"

"Ɗaga hannunka."

Ya ɗaga hannun dama har saitin kunnensa kafin ya tuna da wane hannu ne. Ya dubi kafaɗar, ya dubi Ladidi, ya dubi mai doki, ya rasa wanne zai fara tambaya. 'Yan'uwansa da suka kawo shi suka ja baya har bakin ƙofa. Malam Sada ya matso ya dubi kafaɗar. Can ya ce, "Allahu akbar. Tun ina saurayi nake mayar da kafaɗa, ban taɓa ganin ta koma mai ita bai sani ba."

Kafin kasuwa ta sake ci, labari ya kai Malumfashi, kuma ya canza kama a hanya. Wasu suka ce Balarabe ya bar mata aljani a cikin takarda. Wasu suka ce takardun magana suke yi mata a kunne. Mata suka fara janye 'ya'yansu in ta zo rijiya. Sai limamin garin, Malam Hussaini, ya tako da kansa zuwa zauren bayan azahar, ya gaisa da Malam Sada, ya ce yana son ganin abin.

Ladidi ta durƙusa ta ce, "Allah gafarta Malam, in yi maka, ko in nuna maka yadda ake yi?"

"Duka biyu. Fara da na farko."

Ta yi masa, ya ja dogon salati. Sannan ta nuna masa na ƙasa da yadda yake hawa kan na mutum. Liman ya karɓi tulin, ya juya wajen wani maƙwabci da ya biyo shi, ya gwada, kuma ya dace. Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce, "Subhanallahi, dubi ƙanƙantar abin da ke rufe wa ɗan Adam ido." Da ya nutsu sai ya gindaya mata sharaɗi. Kada a yi caca da ita, kada a ajiye ta inda ake salla saboda zanen mutanen da ke ciki, kuma duk wanda ta yi wa, in an gama ɗori ta gaya masa gaskiyar abin, don kada wani ya bar zauren yana zaton ta san gaibu.

Ta riƙe sharaɗin har ƙarshen ranta. Da farko ta ɗauka dabarar za ta mutu ke nan, tunda kowa zai sani. Sai abin ya zo da wani salo. Wanda aka yi wa, aka gaya masa, yakan kama bakinsa, don ya san wata rana ƙaninsa ko matarsa za su iya faɗowa daga itace. In baƙo ya tambaya a kasuwa yadda take yi, sai a ce masa, "Allah Ya sa kada ka bukaci sani." Aka riƙa kawo mata mutane daga Mahuta da Danja da rugagen da ke kewaye, a kan jaki ko a kan asabari.

Ba kullum take fito da kartar ba. In ƙashi ya huda fata, ko ciwon ya kai inda mutum ba ya ganin gabansa, ba ta wasa da shi, takan kira masu riƙo ta yi abin da ya wajaba. Akwai waɗanda ta ɗora suka tashi da ɗingishi, akwai waɗanda ba su tashi ba. Amma gocewar kafaɗa, da targaɗe, da karayar tsintsiyar hannu, da yawansu an gama mai su na kallon tabarma.

Malam Sada ya rasu, zauren ya zama nata, aka koma ce mata Inna Ladidi. Takardun suka tsufa, man kaɗe ya cinye launinsu, gara ta ci wasu. Ta kai ragowar wa baduku ya yanko mata fallayen fata masu laushi, bayansu iri ɗaya, ya buga wa kowanne alamarsa: kibiya, lauje, tauraro, ƙoƙo, sawun kaza, da sauransu. Suka yi aiki kamar na farko. Ta kuma samu mai gadonta, Sakinatu, matar ɗan wanta, mace mai faɗin hannu da yawan raha, wadda ta koyi ɗorin da dabarar gaba ɗaya.

Ladidi ta tsufa ƙwarai, gashinta ya yi fari fat. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ta zame a bakin rijiya ta dafa ƙasa, tsintsiyar hannunta ta hagu ta karye ta karkace. Aka kai ta zaurenta, aka zaunar da ita a tabarmar da ta zaunar da mutane ba iyaka. Sakinatu ta taɓa hannun ta ji shi gagau. Tsohuwar da ta san kowace gaɓa ta san abin da ke zuwa, jikinta kuwa ya ƙi sakewa.

Sakinatu ta ɗauko fallayen.

Ladidi ta ce, "Ke, mayar. Ni za ki yi wa? Kira maza su riƙe ni."

"Inna, ki bar ni in yi yadda kika koya mini. In ban yi ba hannuna ba zai saki ba."

Tsohuwar ta yi tsaki ta zari falle. Sawun kaza ne. Ba ta iya hana idonta aikinsa ba, tun Sakinatu na daidaita tulin ta riga ta hango na ƙasa, kibiya ce. Ta ɗora, ta raba, ta haɗa, ta fara buɗewa da damanta tana cije leɓe, tana jiran kibiya, ta san da ta fito za a ja. Tauraro ya fito. Ƙoƙo ya fito. Lauje ya fito.

Sakinatu ta ce, "Tsaya, Inna. Na gaba naki ne."

Ladidi ta ɗago kai a fusace. "A kan lauje? Ke wace irin mantuwa ce da ke? Kibiya ce a ƙasa, da idona na gan ta! Shekara nawa ina gaya miki ki riƙe na..."

Sakinatu ta ja.

Maganar ta tsaya a bakin tsohuwar. Ta dubi hannunta, ga shi ya miƙe sambal a cinyar Sakinatu, har ta fara jera kara. Ta dubi laujen da ke tabarma. Ta daɗe tana kallon matar nan kamar yau ta fara ganinta.

"Da gangan kika yi?"

"Da gangan, Inna."

"Wa ya koya miki?"

"Babu. Tun a bakin rijiya nake tunanin yadda zan yi da ke."

Ladidi ta fara dariya, hawaye na bin kumatunta, wasu na zafi, wasu na daɗi. Ta ce, "Ikon Allah. Ashe haka suke ji." Ta sa aka kira matan gida da maƙwabta, ta ba su labarin da bakinta, ita da ba ta cika magana ba, tana nuna musu inda laujen ya faɗi.

Hannun ya haɗu, ko da yake bai koma da ƙarfinsa ba. Daga ranar ta bar wa Sakinatu zauren, ita kuwa ta koma gefe, inda ubanta ya saba zama, tana tofi a man kaɗe tana tambayar masu jinya gida da yara. Ta ƙara 'yan shekaru a haka, sannan ta rasu da kaka, ana tsakiyar tsinkar auduga. Mutane suka bar gonakinsu suka zo jana'iza, har da makiyaya daga nesa. Sakinatu ta ci gaba da ɗori a zauren har ita ma ta tsufa.